Wurin da Ba Ya Cikin Taswira

3 ga Fabrairu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa da girmamawa, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da kowa na gidan. Yaya kunnen? Umma ta ce ta kira ka kwanan baya, ta yi minti goma tana ɗaga murya kana ce mata "to, to," daga ƙarshe ka miƙa wa Inna wayar ka yi tafiyarka. Shi ya sa na nemi biro da takarda. Na san tsohon ma'aikacin gidan waya ba zai ƙi wasiƙa ba. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Umma da ke tashi in ta daɗe a tsaye.

Na san za ka ce wace ce wannan ta tuna da kai bayan shekara tara. Auta ce. Jiya ma Umma ta zaunar da ni tana warware mini zumuncin, wai kakanka da kakanta wa da ƙani ne. Na ce mata ni dai Kawu na sani, wanda na yi hutun makaranta a gidansa, ina bin sa daji riƙe da littafinsa na tsuntsaye, ina kuka saboda ƙaya.

Albishirinka, na samu aiki. Kamfanin fasa dutsen da zai buɗe aiki a bayan garinku ne ya ɗauke ni, a ofishin kula da muhalli. Kada ka yamutsa fuska tukuna, bari in gama. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a hawa na uku, mu huɗu, da wata taswira da ta rufe bango guda. Dokar kamfanin ita ce ba a kafa ko turke ɗaya sai an aika masana sun zaga filin, sun ƙidaya abin da ke rayuwa a cikinsa, tsuntsu da tsiro da ƙwaro da na ruwa. Duk inda aka samu abu mai daraja sai a shafa masa kore a taswirar. Inda ya zama kore an gama magana: za a kewaye shi da shinge, a sa mai gadi, katafila ba za ta matso kusa ba, kuma duk shekara a dawo a sake ƙidaya a ga ko wani abu ya ragu.

Masanan za su zo ranar sha biyar, kwana uku kacal za su yi. Me za su gani a kwana uku, a wurin da ka yi shekara arba'in kana takawa? Na gaya wa shugabanmu ina da kawun da ya san kowane rami a wajen, ya ce in roƙe ka ka yi musu jagora. To ga shi na roƙa. Direban ofishinmu yana zuwa can kowane mako, shi zai riƙa kai maka wasiƙa yana karɓo amsa.

Ka gaishe mini da Inna da kyau.

'Yarka,
Auta

20 ga Fabrairu

Auta,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta shigo hannuna ranar Talata, ambulan a liƙe yadda ya kamata, sai dai har yanzu sai mutum ya karkata kai yake karanta rubutunki. Lafiyarmu ƙalau. Kunne yana nan yadda kika sani, Innarki na cewa abin da na ga dama nake ji. Idon dama ne ya fara yin hazo, likita ya ce yanar ido ce, za su cire ta a wata mai zuwa. Ki gaishe da Ummanki, ki ce ta rage tsayuwa, gidan ba zai rushe ba don ta zauna.

Mutanenki sun zo, su uku, da manyan huluna da takalman da suka fi ƙarfin ƙafarsu. Na so in raina su, Allah bai ba ni dama ba. Akwai mace a cikinsu da ta ji kukan kwaɗo daga nesa ta faɗi irinsa, na je na ɗaga ciyawa na ga ba ta yi kuskure ba. Dogon cikinsu kuwa duk ganyen da ya gani sai ya durƙusa kamar zai gaishe shi. Na kai su babban tafki, na nuna musu inda zalɓe ke sheƙa, da ramin guza, da kurmin da jemagu ke kwana. Sun ƙidaya tsuntsu iri sittin da ɗaya suna ta murna. Na buɗe littafina na ƙara musu sha uku, dogon ya cire hularsa.

Yanzu ki tura ƙofar ofis ki karanta sauran.

Akwai inda ban kai su ba. Bayan tudun yamma, wajen da kowa ke gani kango ne, akwai wani kwari da ƙaya ta toshe bakinsa. In mutum ya sunkuya ya ratsa tsakanin duwatsu biyu, zai tarar da idon ruwa. Faɗinsa bai fi ɗakin kwana ba. Shekara arba'in ban taɓa ganin ya ƙafe ba, har shekarar da babban tafkin ya bushe ya tsattsage. Akwai kififiya a ciki, ƙanana, masu ɗigon rawaya a wuya, bara na ƙidaya sha tara. Ban taɓa ganin irinsu a wani wuri ba, kuma na ari littafin matar nan mai kwaɗi na duba shafi-shafi, babu hotonsu. In rani ya tsananta, rabin abin da mutanenki suka ƙidaya a tafki can yake komawa ya sha ruwa.

Za ki ce me ya sa na ɓoye. Shekara ashirin da suka wuce wani baƙo mai kyamara ya zo, mutumin kirki ne, na nuna masa bishiyar da aku ke ƙyanƙyasa. Hoton ya fito a mujalla, aka yi ta yabo. Kafin shekara ta zagayo masu tarko sun kwashe su tas, har bishiyar suka sare don su kai ga ramin. Ni na kai su da ƙafata, ko da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Tun daga ranar, in baƙo ya zo wuri na biyu nake nuna masa, na farko nawa ne da Allah.

Ko Innarki ba ta san hanyar ba. Ke na gaya wa don tsufa ya zo, ido na tafiya, kuma ya kamata a samu mutum ɗaya a duniya da ya san da wurin bayan ni. Ga shi kuma kina cikinsu, idonki na kan takardunsu. Amana ce na ba ki. Kada ki rubuta, kada ki faɗa, ko shugabanki ne, ko Ummanki.

Kawunki

9 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma idon bai ƙara hazo ba. Umma ta ji saƙonka, ta ce a gaya maka in ka fara jin magana ita ma za ta fara zama.

An gama taswira. Da ka ga tafkinka, Kawu! Kore shar, ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bangon. Saboda sha ukun da ka ƙara, shugabanmu ya sa an janye hanyar manyan motoci, za ta zagaya ta kudu duk da ta ƙara nisa. Injiniyoyi sun yi ta ƙunƙuni, ya ce su yi ƙunƙuninsu a kan sabuwar hanyar. An kuma rubuta cewa ba za a ɗebi ko bokiti ɗaya daga tafkin ba, ba kuma za a tashi nakiya a watannin da tsuntsaye ke kan ƙwai ba. Ranar Alhamis na sa hannu a rahoton, karo na farko da sunana ya hau takardar kamfani.

Amma maganar da ka gaya mini ta hana ni sukuni. Na riƙe ta, wallahi ban furta wa kowa ba. Sai dai ina so ka gane yadda muke aiki a nan: abin da ba ya cikin taswira, a wurin kamfani babu shi. Bayan tudun yamma fari ne fat a bangonmu, kuma fari na nufin injiniyoyi na iya yin abin da suka ga dama da wurin ba tare da sun tambaye mu ba. Ban ce an yanke wani abu ba, ba a yanke ba. Amma kullum na ɗaga kai na ga farin nan sai gabana ya faɗi.

Ka ba ni izini in gaya wa shugabanmu, shi kaɗai. Ba irin mai kyamararka ba ne. Zai yi murna ƙwarai, irin abin da yake nema ke nan, kuma rahotonmu ma zai ƙara daraja. Ka yi tunani, don Allah.

'Yarka,
Auta

16 ga Maris

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. An sa ranar aikin ido, ashirin da huɗu ga wata. Innarki ta riga ta haɗa jaka kamar hijira za mu yi.

Na ji daɗin maganar hanya, ki yi wa shugabanku godiya. Amma akwai layi ɗaya a wasiƙarki da na karanta sau uku da wannan idon mai hazo: "rahotonmu ma zai ƙara daraja." To, Auta, ashe har kin fara magana da bakinsu? Wata biyu kacal a hawa na uku? Mai kyamara ma abin da ya ce ke nan, mujallarsa za ta ƙara daraja, kuma ta ƙara ɗin. Na ba ki abu ki ajiye, kin juya shi kina duba nawa zai yi a kasuwar ofis.

Kin ce shi kaɗai za ki gaya wa. Shi zai gaya wa mai zana taswira shi kaɗai, mai zane ya gaya wa mai buga takarda shi kaɗai, daga nan a kafa allo a bakin kwarin a rubuta "kada a shiga," wanda shi ne gayyata mafi ƙarfi da ɗan Adam ya sani. Farin da kike tsoro shi ya tsare wurin shekara arba'in. Wa zai je kango ya yi me?

Amsata a'a ce. Kada ki sake kawo mini wannan magana, raina ya ɓaci kuma ba na son shiga ɗakin tiyata da ɓacin rai. Bayan aiki an ce ba karatu na ɗan lokaci, idon hagu kuwa tun da daɗewa ya ajiye aiki. In kin ji shiru, dalilin ke nan.

Kawunki

27 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum. Inna ta ce an yi aikin, Allah Ya ba da lafiya, Ya sa kaffara ne. Ka yi haƙuri, na san ka hana ni wannan magana, amma ba ta jira.

Yau aka yanke. Ƙasar sama da za a kankare da ɓaraguzan dutse, ana neman inda za a tara su nesa da tafki don kada ruwan sama ya wanko su cikinsa. Sun duba bango, sun zaɓi kwarin bayan tudun yamma, saboda fari ne. Don su tsare tafkinka suka zaɓe shi, Kawu. Tifofi za su fara zuba ranar sha huɗu ga Afrilu.

Ba rahoto nake nema ba, ba daraja ba, na yi kuskuren rubuta wancan layin. Kalma ɗaya nake so. Ka rubuta "to" a bayan wannan takarda ka ba direba, ko ka sa a kira ni ka faɗe ta da bakinka, ba sai ka ji amsata ba. Na kira Inna na ce ta matsa maka a karanta maka wasiƙata, ban iya gaya mata dalili ba saboda alkawarin da ka ɗora mini.

Ina jira.

Auta

2 ga Mayu

Auta,

Wa'alaikumus salam. Kin tambayi lafiya, ga ta: idon ya yi ruwa bayan aiki, aka sake rufe shi, na yi mako biyar a ɗaki ina kallon cikin kaina. Yanzu ya buɗe, ina gani tar. Da ma bai buɗe ba.

Wasiƙarki ta zo ina kwance. Innarki ta ce ta karanta mini, na ƙi. Telan da ke maƙwabtaka da mu ya zo dubiya ya ce ya karanta mini, na ƙi. Na san duk abin da kika rubuta zai taɓo wurin, kuma ban yarda wani ido ya gani ba. Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya ban bar wasiƙar wani ta buɗu a hannun da ba nasa ba, balle tawa. Na kuma ɗauka roƙon nan ne kika maimaita. Na sa ta a aljihun riga, kullum ina taɓa ta ina cewa yarinyar nan da naci take.

Ranar ashirin da takwas ga Afrilu likita ya ce zan iya karatu. Ita na fara buɗewa. Na kai kan "sha huɗu ga Afrilu," na tambayi Innarki yau nawa ga wata, ta faɗa, na sa takalmi.

Babu kwarin, Auta. Akwai tudu sabo a wurin, ya fi bene mai hawa biyu, an daidaita gefensa tsaf, har mutane biyar na shuka ciyawa a kai don kada ƙasa ta zaizaye. Aiki mai kyau. Duwatsu biyun da nake ratsawa suna can ƙarƙashi. A gindin tudun akwai inda ƙasa ta jiƙe, ruwan yana neman hanya yana fitowa jajir da laka. Na durƙusa na tona da hannu, na samu kififiya biyu da rai, ɗaya bayanta ya tsage. Na sa su a hula na kai tafki. Ban san ko za su rayu a can ba, ruwan ba irin nasu ba ne.

Mai kula da tifofin ya same ni a durƙushe. Bai kore ni ba, ya kawo mini hular kwano da ruwan sha, ya tambayi abin da nake nema. Da na gaya masa sai ya matso daidai kunnena ya ce, "Baba, wallahi da mun sani da ba mu zuba ko shebur ɗaya ba. Me ya sa ba wanda ya faɗa?"

Tambayar da na kawo miki ke nan. Nawa laifin na sani, ba sai an karanta mini ba, zan kai shi kabari. Amma ke kin sani. Kina zaune a ɗakin da aka yanke, idonki biyu lafiya, kunnenki lafiya, kin san ranar, kin san ina kwance a makance. Da na ce kada ki faɗa, wurin nake so ki tsare, ba bakinki ba. Wanda aka ba ajiya ya ga wuta ta kama ɗakin, izini zai tsaya nema kafin ya fitar da ita? Kwana goma sha takwas tsakanin wasiƙarki da tifar farko. Tafiyar awa huɗu ce daga ofishinku zuwa ƙofata, direbanku ya yi ta sau biyu a kwanakin nan, kujerar gefensa ba kowa. Da kin zo kin yi mini ihu a kunne, da na zage ki, sannan na ce to.

Ban taɓa jin an ci amanata irin wannan ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne za ki ce riƙe ta kika yi.

Kawunki

25 ga Mayu

Kawu,

Assalamu alaikum. Na gode wa Allah da idon ya buɗe. Ina fatan Inna tana lafiya, ta sha wahalar jinya. Umma na tambaya me ya haɗa mu, na ce mata aiki ne.

Ka ga na yi mako uku ban amsa ba. Wasiƙa uku na rubuta na yaga. A ta farko na ce kai ka ɗaure mini baki, na roƙe ka ka zarge ni da sayar da kai, na sake roƙo ka sa takardar a aljihu. Duk gaskiya ne, kuma na ji zafin maganar kasuwar ofis har yau. Na kusa ba direba ita. Amma ba ita ce amsar tambayarka ba.

Ga amsar. Ranar sha ɗaya ga Afrilu aka yi zama na ƙarshe kafin a saki tifofi. Mu tara ne a tebur. Shugabanmu yana da wata ɗabi'a, kafin ya sa hannu a kowane wuri sai ya ɗora yatsa a taswira ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Akwai wanda ya san wani dalili, ko da jita-jita ce, da zai sa mu dakata?" Ya tambayi injiniya, ya tambayi mai zane, ya zo kaina. Ya ma ƙara da cewa, "Kawunki bai taɓa ambaton komai a nan ba?" Na ce a'a.

Ba shiru na yi ba, Kawu. A'a na ce.

Na yi ta gaya wa kaina amanarka nake riƙewa. Amma a wannan daƙiƙar ba kai na tuna ba. Rahoton na tuna. Wasiƙarka ta sirri ta zo mini kafin in sa hannu, kuma layin da na sa wa hannu cewa yake, a iya sanina babu wani wuri mai daraja da aka bari a baya. Na sa hannun ina sane. Da na buɗe baki a zaman nan, tambaya ta biyu ita ce tun yaushe na sani, kuma ina cikin watannin gwaji, ba a tabbatar da ni ba. Shi ya sa nake ta neman "to" ɗinka. Da ta zo a rubuce, sai in ce yanzu ka gaya mini, in fita da hannuna a wanke. Shi ya sa kuma ban hau motar ba. Na ji tsoron in zo ka sake cewa a'a, ya zama ba ni da sauran abin jira, sai dai in zaɓa da kaina.

Kuma da na faɗa, da shugabanmu ya tsayar. Ba zato nake ba. A makon jiya mujiya ta yi sheƙa a saman injin niƙa dutse, ya kashe injin, ya ce sai 'ya'yan sun tashi. Yau kwana tara, manajan aiki ya daina gaishe shi. Saboda mujiya ɗaya, Kawu, wadda akwai irinta a kowane kango. Kullum na wuce ta gaban teburinsa sai in ji kamar in shiga ƙasa.

An tabbatar da ni a aiki ranar Litinin. Abokan ofis sun yi mini murna, na shiga banɗaki na yi kuka. Ba na neman ka ce ba komai. Na ga dai bai kamata ka ci gaba da ɗora wa aljihun rigarka abin da yake nawa ba.

'Yarka, in har yanzu ka yarda,
Auta

8 ga Yuni

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Ido garau, har zare nake sa wa Innarki a allura, ita da ke yi mini dariya.

Na karanta wasiƙarki sau ɗaya, ta isa. Na gode da kika faɗi gaskiya, ba kowa zai iya ba. Da kin aiko ta farkon da kika yaga, da na yarda da ita, da na nemi gafararki ma, mu ci gaba yadda muke. Kin san haka kuma ba ki aiko ba. Wannan na rubuta miki shi a gefen alheri. Zumunci kuma yana nan, ba ni na ƙulla shi ba balle in kwance. In kin zo garin nan ƙofa a buɗe take, Innarki za ta shimfiɗa miki tabarma. Amma kada in yi miki ƙarya, in na tuna an kira sunana a teburin nan kin ce a'a, abinci ba ya wuce mini.

Shugabanku ya zo da kansa ranar Laraba. Mai kula da tifofi ne ya kai masa labarin tsohon da ke tona laka. Ya tsaya a gindin tudun ya daɗe, ya ce za su saka bututu su fitar da ruwan, su haƙa masa gurbi, ko da abin da ke ciki ba zai dawo ba. Ya tambaye ni me ya sa ban nuna wa masana ba. Na gaya masa labarin aku. Ban ambaci sunanki ba, ban kuma ce kin sani ba. Wannan maganarki ce, ki faɗa masa ko ki zauna da ita.

Daga nan na ce ya ɗaure takalminsa. Akwai wani wurin, Auta. Bai kai wancan ba, amma akwai abin da ke rayuwa a cikinsa da ba ya rayuwa a tafki, kuma shekara mai zuwa aikinku zai doshi wajen. Na kai shi da ƙafata, shi da matar nan mai kwaɗi, mutanen da ba mu haɗa kaka da su ba. Sun auna, sun rubuta, ya sa hannu ya buga hatimi a kan murfin mota, ya ba ni kwafi. Ya yi alkawarin shinge ba allo. Na tsufa ina ɓoye wa takarda abu ina ba wa jini, ashe juyawa ya kamata in yi.

Abu ɗaya na roƙe shi, cewa takardun wannan wuri kada su bi ta teburinki. Ya kalle ni, bai tambayi dalili ba, ya ce to. Don haka ba zan rubuta miki inda yake ba. Za ki gan shi a bango ranar da kowa zai gani.

Ki gaishe da Ummanki.

Kawu